Turken Rijiya a Ƙofar Mai Gari

Tunda jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta matso, kuma na ji kun haddace manufofin raya karkara har kuna rera su kamar karatun allo, to ku ɗan ajiye takardun nan ku ji misali guda.

An yi wani matashin jami'i a ma'aikatar ruwa, sabon ɗauka, wanda ya ci jarrabawa irin taku da maki mai yawa, har kansa ya ɗan kumbura. Aikin farko da aka ba shi shi ne ya je wani ƙauye ya zaɓi inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Guda ɗaya tak aka ware wa ƙauyen, in an haƙa ta shi ke nan, babu wata a bayanta. Mutanen kuwa ruwan kududdufi suke sha, kuma a daminar da ta wuce cutar amai da gudawa ta kwashe musu yara. Takardar da ke hannunsa ta ce a tuntuɓi jama'a, a kuma kafa rijiya a tsakiyar gari inda kowa zai iya kaiwa. Sai ya tara mai gari da liman da dattawa, ya ja igiyar awo gabas da yamma, ya buga turke a gindin durumin ƙofar mai gari, inda manya ke shimfiɗa tabarmi tun hantsi har la'asar. Aka yi addu'a aka shafa, aka cika masa ƙwarya da ƙwan zabi. Ya rubuta a rahotonsa cewa an tuntuɓi jama'a, motar haƙa ta zo jibi.

Yana hanyar fita daga gari, sai ya wuce wata tsohuwa maginiyar tukwane tana shanya tuluna a bayan danga. Ko gaisuwar kirki bai yi mata ba, ita ta tsayar da shi.

"Kai angona, zo nan," in ji ta. "Waɗancan masu gemun da ka tara, wa ka taɓa gani da tulu a ka? A garin nan mata ke ɗiban ruwa. Kowacce kuwa tana da suruki a gindin durumin nan. Wace ce za ta tuɓe takalmi, ta durƙusa ta gaida mutum goma, sannan ta miƙe tana tuƙa famfo a gaban uban mijinta? Wallahi gara ta koma kududdufi."

Ransa ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Shi da digirinsa, wai mai cuɗa yumɓu ce za ta gyara masa aiki. Amma maganar ta ƙi barin kunnensa. Washegari da sassafe ya dawo, ya zauna can gefe yana kallo. Har rana ta take bai ga matar aure ko ɗaya ta gifta ta ƙofar mai gari ba. Duk mai tulu sai ta kewaye ta lungu, ta bi wata siririyar hanya ta bayan gari da ƙafafun mata suka daɗe da shatawa. Ya gane da ya bar turken nan inda yake, da an kashe dukiyar gwamnati an yi wa dattawa wurin alwala, yara kuma su ci gaba da shan abin da ke kashe su, alhakin yana wuyansa.

Cire turke daga ƙofar mai gari ba ƙaramin abu ba ne, kun san sarauta ba ta son a ba ta a karɓe. Ya je ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya gani. Mai gari ya yi dariya ya ce, "Yaro, matar ɗana shekararta tara a gidan nan, ko muryarta ban sani ba. Mun san haka. Amma baƙon da ya zo da alheri ba a yi masa gardama. Ka ce tsakiyar gari, muka ce to." Da hannunsa ya tumɓuke turken. Tsohuwar ta shiga gida-gida ta jiyo ta bakin mata, masu gwajin ƙasa suka duba, aka haƙa a gindin wata tsamiya a kan hanyarsu ta bayan gari, ruwa ya fito garau.

Damina ta zo ta wuce, ba a ɗauki gawar yaro ko ɗaya saboda gudawa ba. Jami'in ya koma takanas ya durƙusa a gaban tsohuwar, wannan karon da gaisuwa cikakkiya, ya ce, "Kaka, Allah ya saka miki da alheri, kin fid da ni kunyar duniya da ta lahira." Ta ce ya tashi kada ya fasa mata tulu. Ya yi aiki shekara talatin da biyar, ya riƙe manyan muƙamai, amma har ya yi ritaya, in ana lissafa malaman da suka koyar da shi, sunanta yake fara ambata, kuma bai daina yi mata addu'a ba.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.