Mai Ɗaya Shekarar

Tun kafin mai babur ya gama tsayawa Muntaka ya dira, saura kaɗan ya bar takalmi ɗaya a kan hanya. Haka Allah ya yi shi. Ba ya bari mai magana ya kai aya, kafin ka rufe baki ya yanke hukunci ya kama hanya.

Saƙo ne ya taso shi daga Rijiyar Zaki, inda yake koyarwa a firamare, zuwa ƙauyensu na bayan Zakirai. Baffa Dallatu, yayan mahaifinsa, ya yanke jiki ya faɗi yana sharar gona. Likita ya ce zuciya ce, kuma ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in tsohon nan ya sake sunkuyawa da fartanya a daminar bana, kada a wahalar da kai a dawo da shi asibiti.

A zaure ya same shi, jingine da bango, ya rame sai idanu.

"Muntaka, so nake a raba ni da gonar Kan Tudu," in ji Baffa. "Wallahi na gaji."

Gonar ta gado ce, 'yar ƙarama, in aka ce za a raba ta kowa zai tashi da abin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Shi ya sa tun da can aka mayar da ita karɓa-karɓa, shekara ɗaya ta Baffa, shekara ɗaya ta wani magajin. Sai dai shi wancan ko sau ɗaya bai taɓa taka ta ba. In shekararsa ta zo, Baffa ne zai kai taki, ya shuka, ya nome, ya girbe, ya sussuke, ya ɗora a mota a kai masa har gida. Kuma bana shekararsa ce.

"Wane ne shi, Baffa?"

"Ɗan'uwa ne. Yana birni." Tsohon ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido. "Ai shi bai…"

Ina! Muntaka ya riga ya miƙe.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. A wannan zamani da buhun taki ya gagari mai ƙarfi ma, da magidanci ke auna tsaba da gwangwani, wani ƙato na zaune ƙarƙashin fanka, ɗan shekara saba'in da biyar na yi masa bauta? Kuma Baffa fa! Mutumin da bai taɓa yar da zumunci ba. Shi kansa Muntaka shaida ne: mahaifinsa Abdussalam ya rasu ya bar shi yana goye, dangin uwa suka raine shi a birni, amma wata shekarar sai ka ga buhunan gero da wake a ƙofar gida, wata shekarar kuma shiru, a ce damina ce ba ta yi kyau ba. Da hatsin nan ya sha rufa wa kansa asiri lokacin da albashi ke ƙarewa tun wata bai raba ba.

Ya faɗa cikin gida wajen Gwaggo Furera, matar Baffa, ya tambaye ta sunan mutumin. Ta ci gaba da tankaɗenta.

"Ba za a ji mutuwar sarki a bakina ba, ɗan nan."

Ya fita sai gidan Liman. Liman ya saurare shi, ya yi ta jan carbi, sannan ya ce a yi wa mutumin uzuri, rashin sani ya fi dare duhu.

"Wane irin rashin sani, Allah gafarta Malam? Mutum ya yi ta ci bai taɓa tambayar daga ina ba? Wannan ai rashin imani ne!"

Liman ya ci gaba da jan carbinsa.

Kafin la'asar hadari ya fara haɗowa daga gabas. Muntaka ya dawo ya tarar Baffa ya sa an sauko masa da iri daga rumbu, yana zaune yana gyaran ƙotar sungumi.

"Baffa, me likita ya ce?"

"In ruwa ya sauka, amana ba ta jira."

Nan tsoro ya kama Muntaka sosai. In aka yi ruwan shuka yau, gobe da asuba tsohon nan yana gona, kuma ƙila a kan makara za a dawo da shi. Ya kama hannunsa, ya lallaɓa shi har ƙofar Mai Unguwa Nababa, inda dattawa ke zaune bayan salla.

Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya fara.

"Ranka ya daɗe, yau za a yi ta ta ƙare. Wannan ci-ma-zaune, ko wane ne shi, ko dai ya zo ya ɗauki fartanya ya nome shekararsa, ko ya saki gonar. Baffana ba bawan kowa ba ne. In kunyarsa kuke ji, ni ba na ji. A kira shi ya zo ya kalli idona!"

Mai Unguwa ya dubi Baffa Dallatu, ya daɗe yana dubansa. Tsohon ya share ido da bakin rigarsa, ya gyaɗa kai a hankali.

"To, alhamdulillahi," in ji Mai Unguwa. "Shekara talatin da wani abu yana hana mu buɗe baki. Ina da lambar mutumin. Bari in kira shi, ka gaya masa da bakinka."

Ya zaro waya, ya nisanta ta da idonsa, ya danna. Muntaka ya gyara tsayuwa, ya tattaro duk maganganun da ya wuni yana tanadi.

Sai waya ta fara ƙara a aljihun rigarsa.

"Ɗauka mana, ɗan Abdussalam," in ji Mai Unguwa. "Shekarar ubanka ce, kai ka gaje ta."