Lauya a Ƙofar Kamfanin Roba

Ƙarfe takwas saura kwata Lauya ya dasa ƙafa a ƙofar kamfanin roba, farar riga fes a jikinsa, lasifikar aro a hannu. Can sama bututu na aman hayaƙi, baƙin gari na sauka a kafaɗunsa kamar yayyafi.

Kada wani ya kai masa shari'a, ba lauyan gaske ba ne. A aji uku na sakandare aka sallame shi, ranar da ya manna sanarwar hutun mako biyu ɗauke da sa hannun shugaban makaranta. Baki Allah ya ba shi, unguwa ta ba shi suna.

Matarsa wanki da guga take yi. Shekara goma sha biyu igiyoyinta huɗu na ciyar da gidan, shi kuma yana taimakawa da shawara. Tun da kamfanin ya ƙaro inji na biyu, duk abin da ta shanya fari sai ta kwashe shi ruwan toka. Masu kawo wanki suka soma zamewa. Asibitin bayan layi, wanda zannuwan gadonsa ne rabin aikinta, ya ba ta wata ɗaya: ko fari ya dawo fari, ko su nemi wani hannun.

Unguwa ta yi abin da ta saba. Aka kira taro, aka watse kan wa zai zama shugaba, tela da makaniki suka daina gaisawa. Aka kai takardar koke mai sa hannu ɗari biyu, washegari aka ga mai gadi ya shimfiɗa ta yana cin abinci a kai. Wani jami'i ya zo, ya shaƙa, ya yi tari, ya rubuta, ya tafi. Ma'aikatan kamfanin kuwa rabinsu 'yan unguwa ne, sai dai su yi tari su ma, su wuce aiki.

Nan ne Lauya ya bugi ƙirji.

"Kwana bakwai, uwar yara. In ban toshe bututun nan da bakina ba, ki canza mini suna."

Ta dube shi sama da ƙasa kamar mai auna yadi. "Da wannan tsumman za ka je? Haba, maigida. Ai shugaba da shiga ake gane shi."

Da safe ta miƙo masa farar riga mai santsi, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Wuyan ya yi masa yawa, hannun sai da ya naɗe sau biyu. Gwanjo ce, ya ce a ransa, amma gwanjon manya.

"Ka tsaya daidai inda motoci ke shiga," ta ce. "Kada ka nemi inuwa."

Bai nema ba. Ya zuba jawabi, ya jawo sashe na arba'in da bakwai na wata doka da shi kaɗai ya san inda aka rubuta ta. Ya tara baƙin garin a kwalba ya aika ciki da takarda: kayanku ne, mun dawo da su. Kullum ƙarfe takwas wata baƙar mota mai duhun gilashi takan shige. Rana ta uku ta rage gudu. Rana ta biyar ta tsaya cak a gabansa, minti guda cur, sannan ta wuce.

"Mai kamfani ya ji a jikinsa!" Lauya ya shaida wa jama'a.

Da yamma yakan koma gida kamar mai sayar da gawayi. Matar ta tuɓe rigar a hankali, ta rataye ta yadda take, gari ya waye ta fito da wata sabuwa. Shi dai bai tambaya ba. Namiji mai gwagwarmaya ba ya ƙirga riguna.

Kwana bakwai suka cika. Ya bayyana cewa ranakun aiki yake nufi. Su ma suka cika. Murya ta dishe, mai lasifika ya karɓi abarsa, magoya baya suka ragu zuwa wanzami da wani kare. Asibiti ya aiko da tuni: saura kwana goma. Daren nan Lauya bai yi cika-baki ba, ya ci abinci kansa a sunkuye.

Rana ta ashirin injuna suka yi shiru. Manyan motoci suka shigo da na'urar tace hayaƙi, ma'aikata suka hau bututu. Kafin azahar sama ta washe. Tela da makaniki suka ɗaga Lauya a kafaɗa, kowa na cewa dama shi tun farko ya san za a yi haka.

Sai ga mai gadi. "Mai kamfani na kiranka."

Ya shiga ofis yana taku ɗaiɗai, sharuɗɗa biyar a bakinsa. Mai kamfanin ƙato ne mai kaurin wuya, sanye da wata rigar wasanni mai ratsi da ba ta dace da ofis ba.

"Ranka ya daɗe, na san maganganuna sun yi zafi," Lauya ya fara, "amma gaskiya ɗaci gare ta."

"Waɗanne maganganu? Gilashi a rufe, inji na ruri, ko kalma ɗaya ban taɓa ji ba." Ya zuba wa ƙirjin Lauya ido, ya yi ajiyar zuciya. "Ka gaida maiɗakinka. Ka ce mata shekara goma ban samu mai guga irinta ba, kuma saƙonta ya iso, na gyara bututu. Ta dawo mini da rigunana ashirin, kuma don girman Allah ta daina shanya su a jikinka."