Wa Yafet Ya Aske Jiya?

Rubutun yana kan kankaren da ya rufe kwalbati, daidai ƙofar shagon askin Yafet, a hanyar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Da farin alli aka yi shi, baƙaƙen manya manya, zagayayyu, irin na koya wa yara: KAI MAI WUCEWA, TAMBAYI YAFET WA YA ASKE JIYA A ƊAKIN GAWA.

Kafin Yafet ya iso, 'yan acaɓa sun kewaye wurin. Wani ya ɗauki gawayi ya ƙara a ƙasa: DA KILIFA ƊAYA? Wani ya zana akwatin gawa, har da furanni.

Mahaifiyar Yafet, Mama Yemima, ita ta kore su. Daga Fadan Kagoma ta zo jinyar gwiwa, tana zaune a wurinsa, kuma duk ciwon nan bai hana ta sammakon zuwa addu'ar safe a coci ba. Ta sheƙa bokitin ruwa, ta goge wurin da tsintsiya tana huci.

"Allah na ganin mai hannun nan," ta ce.

Washegari ga sabo: ƘEYARKA NA ƘAIƘAYI? RUBUTA SUNANKA A NAN. An ma ajiye guntun alli a gefe. Mutanen Kafanchan kuwa ba a ba su alli su ƙi. Kowa ya rubuta sunan abokinsa, wani ya sa na surukinsa. Ana karantawa ana ƙyaƙyata dariya, sai mutum ya sosa ƙeya, ya tsallaka titi zuwa shagon Abednego, abokin gabar Yafet tun suna koyon aski.

Kujerar Yafet ta yi sanyi. Gayen da ke cika baki cewa manyan gari layi suke yi masa, yanzu ƙuda yake kora da tawul. Ana cikin haka baffansa Gershon ya sake aiko saƙo: ruwa ya kusa sauka, gonar cittar da uban Yafet ya bari a Fadan Kagoma, in ba ɗan da zai shuka ta bana, ta koma hannun dangi.

"Su cinye ta!" in ji Yafet. "Ni da fartanya har abada."

Mama Yemima ta ci gaba da murza man zafi a gwiwarta.

Da rubutun ya kai ga YAU WA ZAI FARA KAI KANSA?, Yafet ya suri benci ya tsallaka titi.

"Fito, ɓarawon kwastoma!"

"Ni?" in ji Abednego. "Ko sunana da ƙyar nake rubutawa, mahaukaci!"

Bencin ya riga ya sauka. Abednego ya kwana a asibiti da ɗinki a goshi, ƙungiyar masu aski ta cire sunan Yafet, mai gidan kuma ya garƙame shagon, ya ce ba ya haya da ɗan daba. Ko yara suka hango Yafet a hanya, sai su dafe kawunansu su ruga.

Ranar da za su koma Fadan Kagoma, Mama Yemima da kanta ta hau saman buhunan da ke kan mota tana nuna wa kwandasta yadda zai ɗaure madubi da kujerar askin. Yafet ya zauna a jikin taga, fuska a murtuke, yana rantsuwa duk ranar da ya kama mai allin nan sai ya karya masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Bar shi da Allah, yarona," ta ce. "Citta ba ta zagin mutum."

Da motar ta fita daga gari Yafet ya fara gyangyaɗi, sai Mama Yemima ta kwance bakin zaninta, ta wurgar da ragowar allin ta taga.