Hoton da Baba Ya Ɗaga

Ana buɗe ƙofar makaranta muka fito a guje da fararen hulunanmu. Ranar gama sakandare ce, iyaye sun cika fili, kowa ya ɗaga allo mai hoton ɗansa na yarinta.

Na hango nawa. Ni ce ina shekara biyu, a cinyar Baba kan tarakta, hannuwana a sitiyari.

"Kun gani ko?" in ji Baba ga maƙwabta, idonsa taf da ƙwalla. "Tun ba ta iya magana ba ta zaɓi gonar nan."

A aljihuna kuwa akwai takardar ɗaukata koyon aikin jirgin ruwa a can birnin Göteborg.

"Baba, akwai magana."

"Bari a gama yankan ciyawa tukuna, 'yar albarka. Kin san gwiwar nan tawa."

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan ana yankan ciyawa.

Allon yana kafe a ɗakin shanu. Jiya ina tatsa na tsaya na ƙura masa ido. Ashe ba ni na riƙe sitiyarin ba. Hannuwan Baba ne suka danne nawa a kai.