Shafin da Ya Ɓata a Kolere

Ambulan ta dawo hannun Abdulmumini a rame. Shafi arba'in ya bayar, sha tara suka dawo.

Haka Malam Abbagana yake nasa sharhin. A ƙungiyar marubutan da ke taruwa duk Asabar a wani ajin firamare a Yelwa, kowa ya san dattijon ba ya taɓa biro. Ka miƙa masa labarinka, ya cusa a aljihun babbar riga, ya hau mashin sai gidansa a Kolere. Bayan mako guda ya dawo maka da abinka, duk shafin da bai cancanta ba an zare shi. Babu jan layi, babu bayani. In ka matsa da tambaya, sai ya gyara zaman tabaraunsa da kullum ke saman goshi, ya ce, "Takarda ta riga ta yi magana."

Abin haushin shi ne bai taɓa yin kuskure ba. Duk wanda ya haɗiye fushinsa ya karanta abin da ya rage, sai ya ga labarin ya miƙe. Inda shafukan da aka zare suke zuwa kuwa, babu wanda ya sani. Wasu sun ce ƙona su yake yi don rufa wa marubuta asiri.

Abdulmumini mai gyaran waya ne a bakin kasuwa. Shekara uku yana zuwa taron nan, shi ne jera benci, shi ne tafa wa wasu, amma sunansa bai taɓa shiga ɗab'i ba. Bana ga dama ta zo. Margret, shugabar ƙungiya, ta ce gurbi ɗaya ya rage a kundin labaran da za a kai maɗaba'a Yola ranar Litinin ta sama, kuma sai labarin da ya dawo daga hannun Malam cif-cif ne zai shiga.

Ya zauna a shago ya duba ɓarnar da aka yi masa. Shafuka shida na faɗuwar rana a bayan duwatsu sun tafi. Wa'azin da jarumin labarin ya yi wa matasa a kan haƙuri shi ma ya bi su. Inda kaka ke kokawa da akuya a kan tabarmar baƙi kuwa yana nan, har da tabon babban yatsa a gefe da ɗan ƙamshin man gyaɗa. Tausayi ya kama shi. Bawan Allah, ko abinci yake ci bai ajiye karatu ba.

Ya sake rubuta labarin da hannu, shafi ashirin da biyu, ya aika. Ranar Asabar ya buɗe ambulan, ya ƙirga sau uku. Ashirin da ɗaya. Shafin ƙarshe ne babu, wanda ya rubuta yana sharar hawaye.

Ya tare Malam a bakin ƙofa. "Baba, me ƙarshen ya yi?"

"Wane labarin ne naka ma?" in ji Malam. Kafin ya amsa, dattijon ya taɓa tabarau, ya ce takarda ta riga ta yi magana, ya haye mashin.

Ranar Lahadi da safe, bayan ruwa ya ɗauke, Abdulmumini ya yi abin da babu ɗan ƙungiyar da ya taɓa yi, ya nufi Kolere. Sau biyu mashin na kafewa a taɓo. Ya isa wando jiƙe har gwiwa, aka ce masa Malam ya tafi ta'aziyya Michika, sai jibi.

Jibi! Kundin ya riga ya isa Yola ke nan. Ya zauna a dakali.

A ƙofar gidan, matar Malam, Hapsatu, tana suyar ƙosai, manoma sun yi layi da fartanya a kafaɗa. Gefenta ga tarin takardu an danne da dutse. Yunwa ba ruwanta da baƙin ciki, don haka shi ma ya miƙa hannu aka ƙunso masa.

Ya ci guda biyu kafin idonsa ya sauka a kan takardar. Rubutunsa ne. Ga ranar nan tasa tana faɗuwa a bayan duwatsu, mai ya jiƙa ta sharkaf. Ya waiwaya, ya ga wani makiyayi yana lashe yatsa a kan wa'azin haƙuri.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. "Mama, yanzu wahalar da muka sha ce Malam yake ba ki kina ƙunsa ƙosai?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai ne mai akuya?"

Ya ce shi ne, kuma shafin ƙarshe yake nema, in ba a riga an cinye ƙosai a cikinsa ba.

Hapsatu ta tsame na cikin kasko, ta goge hannu da kyau, ta kwance haɓar zaninta. Ta ciro takarda a ninke, tsaf, ko ɗigon mai babu, ta miƙa masa.

"Ka yi haƙuri, ɗana, ni na manta ban mayar ba," ta ce. "Malam shekara takwas idonsa ba ya ganin rubutu. Ni nake karantawa ina jiran mai ya yi zafi. Wanda ya sa ni hamma in ƙunsa ƙosai, wannan kuwa ɓoye shi na yi in sake karantawa."