Faratan Marini

Ga ta nan, ga ta nanku. To ta zo mu ji ta, mu ɗauki abin ɗauka.

An yi wani marini da ya gaji karofi daga mahaifinsa. Shuɗin baban rini ya kama hannuwansa har gwiwa, tun yana saurayi 'yan mata ke tsokanarsa, wai ko fura ya dama sai ta yi shuɗi. Maganar nan ta zauna masa a rai. Wata rana ya kai haja wata kasuwa mai nisa, ya ga wata bazawara mai sayar da man shanu, ta kwanta masa. Sai ya cusa hannuwansa cikin riga, ya ce mata shi falke ne, sarin tufafi yake yi, ko ramin rini bai taɓa leƙawa ba. Ta ce to, ya zo ya ga mahaifinta bayan girbi.

Ya koma gida ya rufe karofi, ya shiga yaƙi da jikinsa. Ya dirje da toka, ya dirje da yashi da lemun tsami. Ita fata mai saurin mantuwa ce, ta yi ta saɓa a hankali, sabuwa na fitowa daga ƙarƙashi, har ta koma yadda Allah ya yi ta. Gashin hannu da ya rine, aska ta share shi. Saura farce. Ya kai wa mai yankan farce ya ce a kankare. Mutumin ya kankara har zafi ya fara taɓa nama, sannan ya ajiye wuƙarsa ya ce, "Malam, farce ba ya wankuwa. Daga gindi yake tsirowa, sai dai ka jira sabo ya ture tsoho." Girbi kuwa bai jira shi ba. Ranar tafiya, kowane farce gindinsa fari, bakinsa shuɗi.

A zauren tsohon, mahaifin bazawarar, ya durƙusa ya yi gaisuwa, hannu a dunƙule cikin babbar riga. Aka kawo tuwo a akushi ɗaya. Tsohon da kansa ya ɗauki buta ya ce, "Miƙo hannu, baƙona." Marinin ya ce ai a ƙoshe yake. Tsohon ya ce, "A gidan nan ba mu ba mutum 'ya sai mun sa hannu a akushi da shi." Ba yadda zai yi, ya miƙa. Ruwa ya zuba, farata suka fito fili. Tsohon ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce, "Ubana marini ne. Da irin hannun nan ya ciyar da mu, da shi ya yi mini aure. Da a marini ka zo mana, da yau an sa rana. Amma wanda ya ji kunyar hannun da ke ba shi tuwo, gobe me zai hana shi jin kunyar 'yata?" Bai kore shi ba. Ya ma tura masa akushin ya ce, "Ci, kai baƙo ne." Marinin nan ya yanki loma. Daga bayan ƙofar cikin gida ya ji takun mace yana komawa ciki a hankali, bai kuwa iya ɗaga kai ba.

Da ya isa gida ya buɗe karofi, ya tarar ruwan baban rinin ya mutu saboda rashin motsawa. Ya kwashe, ya haɗa sabo, ya naɗe riga ya tsoma hannuwansa har gwiwa. Ya daɗe bai ciro su ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.