Wayar Rachael a Akwatin Saje

Shekara ta uku ke nan Rachael Philip tana neman gurbin karatun aikin jinya a jami'a. A wannan karon makinta ya yi kyau, sai dai sunanta bai fito a jerin farko ba. An saka ta cikin masu jira, an ce idan gurbi ya samu za a aiko mata da saƙo ta waya, kuma kwana bakwai kacal gare ta ta shiga shafin jami'ar ta amsa.

Tun daga ranar zama ya gagare ta. Tana shara waya na hannu, tana tuƙa tuwo ido na kan waya. Sau biyu miya ta kama a tukunya. Gidansu da ke gefen garin Zuru ba shi da sabis sosai, don haka sau huɗu, sau biyar a yini takan zagaya bayan coci, ta hau wani falalen dutse ta duba. Ta dawo ba labari, ta zauna, ta sake miƙewa.

Maƙwabciyarsu, Maman Joel, ita ta fara kai magana wurin mahaifinta.

"Baban Rachael, ni dai gani na yi bai kamata in yi shiru ba. Ɗiyarka kullum tana bayan coci da waya. Wa take ɓoyewa haka?"

Mahaifin nata, Saje Philip, tsohon soja ne, mutum ne da ba ya maimaita magana. Da yamma ya kira ta tsakar gida, ya miƙa hannu.

"Ba ni wayar."

"Baba, saƙon jami'a nake jira. Sun ce ta nan zai zo."

"Lokacin da aka ɗauke ni soja, takarda aka kawo har ƙofar gida. In jami'a na son ki, ta aiko da takarda."

"Yanzu ba haka ake yi ba, Baba. Don Allah bari in nuna maka."

Bai duba ba. Ya kashe wayar, ya jefa ta cikin akwatin ƙarfensa, ya datse da kwaɗo. Washegari ya sa aka ɗauke ta a babur zuwa Ribah, gidan ƙanwarsa, ta taya su girbin dawa har hankalinta ya dawo.

A Ribah jikinta ne kawai ke gona. Tana yankan dawa tana lissafin kwanaki, har ta yanke yatsa ba ta sani ba sai da ta ga jini. Ranar kasuwa ta roƙi gwaggonta ta bar ta ta je shagon kwamfuta. Mai shagon ya gwada shiga shafin, ya girgiza kai.

"Sai da lambar da za su tura wa layinki. Ina wayar?"

Ta ari ƙaramar wayar gwaggo ta kira mahaifiyarta.

"Mama, ki roƙe shi ya kunna ta, ko na minti ɗaya ne."

"Na yi masa magana, Rachael. Kin dai san babanki. Ki yi haƙuri, saura kaɗan ki dawo."

Mako uku ta yi a can. Ranar da ta dawo, Saje ya buɗe akwati ya miƙa mata wayar, ya ce yana fata ta yi hankali. Ko ruwa ba ta sha ba, ta sa caji, ta fita da sauri zuwa kan dutsen.

Saƙo uku ne suka shigo a jere. Na farko ya ce an ba ta gurbi. Na biyu tuni ne, saura kwana biyu. Na uku ya ce wa'adi ya cika, an janye.

Ta karanta, ta sake karantawa. A nan kan dutsen ƙawarta Monica ta same ta, ta rako ta gida.

Monica ce ta karanta wa Saje saƙonnin da ƙarfi. Ya ce ta duba sauran abin da ke cikin wayar. Ta duba a gabansa: shafin jami'a, hotunan takardun makaranta, sai waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan coci. Babu wani saurayi.

Kashegari ya sa kayansa na zuwa coci, suka shiga mota shi da Rachael har jami'ar. A ofishin ɗaukar ɗalibai ya cire hula, ya tsaya kamar a gaban babban hafsa.

"Ranka ya daɗe, laifina ne, ba na yarinya ba. Ni na kulle wayar."

Ma'aikacin ya duba kwamfuta, ya ce, "Baba, na tausaya maka. Amma an ba na bayanta gurbin, har ya yi rajista. Sakamakon jarrabawarta kuma na bana ne kawai. Sai ta sake zama baɗi."

Suka kamo hanyar gida. Sai da suka kusa Zuru Saje ya juyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, me ya sa ba ki yi mini bayani ba?"

Rachael ba ta ɗauke ido daga taga ba.

"Na yi, Baba."

Iyaye, kafin ku yanke wa yaro hukunci a kan maganar maƙwabta, ku saurare shi, ku duba da idonku. Abin da ba ku sani ba na zamani ku tambaya, domin zargin minti ɗaya yana iya cinye wa ɗanku shekara guda.